Babur ɗin da Aka Raba wa Magada

To, kun gama dariyar? In da saura ku ƙarasa, ba sauri nake ba. Tun da Sale Wanzam ya jingine babur ɗin nan ya shiga masallaci nake jin ku: wai tanki na wani gari, inji na wata ƙasa, matakin ƙafar hagu ya ɗara na dama tudu. Kai kuma mai jar hula, na ji ka ce a ba ka kwana biyu da waya mai caji, za ka haɗa wanda ya fi shi. Madalla! Allah ya ƙara basira. Ashe mu da muka ƙarar da ƙuruciya a cikin baƙin mai wahalar banza muka sha, ilimin yana cikin aljihun wandonka. Kowa ya raina tsayuwar wata ai sai ya hau ya gyara. Amma kafin ka hau, jawo bencin nan ka ji abin da kake wa dariya.

Aikina na farko a garejin maigidana, marigayi Ɗan'azumi, nan cikin Haɗeja, wankin noti ne. Kwano ɗaya, kananzir, da tsohon tsumma. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ban taɓa sifana ba sai don in miƙa masa. In ya ce sha biyu ka miƙo sha uku, ta sama za ta dawo maka, sai ka iya kaucewa. Ba ya koyarwa da baki, sai dai ka zuba ido. Doka ɗaya ce kawai yake maimaitawa har ta gundure mu: duk abin da ka cire daga babur ɗin mutum, ko mataccen fulogi ne, na mai shi ne. A ɗaure a ba shi. In ya ce ba ya so, a zuba a buhu a rataye masa. Yakan ce, "Ilu, bakanike ba ya cin gadon mai rai." Ku yanzu kafin mai babur ya kai bakin titi kun kai wa 'yan gwangwan, an ɗora a sikeli, kun sayi kati. Ku riƙe maganar buhun nan, za mu dawo kanta.

Ranar da aka fara ba ni walda, a kan babur ɗin Malam Hudu wanzami ne, mahaifin Salen nan. Baƙin babur ne ɗan Japan, irin na da, mai doguwar kujera, wanda in ka daki tankinsa da yatsa za ka ji ƙarfe ya amsa. Malam Hudu ƙafarsa ta hagu gajeriya ce. Ya faɗo daga itace tun yana yaro, ɗorin bai zauna daidai ba, to ƙafar ba ta kai wa mataki sosai. Maigida ya ce in ɗaga masa matakin kamar faɗin yatsu uku, in lanƙwaso abin giya ya biyo shi. Na samo guntun ƙarfen garma na yanka, na kama walda. Abin da ya fito, wallahi, gidan zanzaro ya fi shi tsari. Maigida ya duba, ya ba ni ranƙwashin da har yau in hadari ya haɗo ina jin wurin. Ya ɗauko zarto zai yanke, sai Malam Hudu ya hau, ya ɗora ƙafa, ya taka giya sau biyu. Ya ce, "Bar shi haka, Ɗan'azumi. Ƙafar ma ai ba kyakkyawa ba ce." Ya biya ya yi gaba.

Ku da kuke aski a shago ana hura muku fanka ba za ku gane abin da babur yake wa wanzami ba. Wanzamin ƙauye gidaje yake da su, kamar yadda manomi yake da gonaki. Uba ya yi wa gida aski, ɗa ya gada. In an yi haihuwa a gidan, askin suna nasa ne, da goronsa da namansa, in kaka ta yi kuma a auna masa hatsi ko shinkafa. Amma askin suna ba ya jira. Da safe ne, an raɗa suna, mata sun cika gida, jariri yana hannu. In hantsi ya yi ba ka iso ba, za a kira wani, kuma wanda ya aske kan ɗan fari shi za a kira wa na biyu. Gidajen Malam Hudu a warwatse suke cikin fadama, daga ƙauyensu kusa da Auyo har can wajen Baturiya. Da babur ɗin nan ya riƙe su har Allah ya karɓi abinsa.

Sai rabon gado. Ya bar maza uku: Habu babba, Iro, da Sale auta. Gona da gida an raba lafiya. 'Ya'yansa mata suka ce a ba su nasu a gona, ba ruwansu da ƙarfe, kuma su ne masu hankalin gidan. Da aka zo kan babur, malamin da ke rabon ya ce a yi masa kuɗi, ɗaya ya ɗauka ya fanshi sauran. Habu ya ce in dai Iro ne zai hau, gara ya ruɓe. Iro ya ce in dai Habu ne, gara a jefa a kogi. Sale kuwa ba wanda ya tambaye shi. Da malam ya tafi, sai suka nemo wani gwani irinku, mai sifana ɗaya da filaya, aka kwantar da babur a tsakar gida aka yi masa fiɗa kamar ragon layya. Habu ya ɗauki inji. Matakin irin wannan babur a ƙarƙashin inji yake ɗaure, don haka shi ma ya bi inji. Iro ya ɗauki tayoyi da tanki da salansa. Aka bar wa Sale ƙwarangwal da kujera. Zabirar aski ce kaɗai ba a yi rigima a kanta ba, don shi kaɗai ya koyi sana'ar.

Habu ya ce zai mai da injin na ban-ruwa, ya shayar da shinkafarsa. Har yau ana jiran kofin farko. Ya gaji ya jefa shi a bukkar gona. Iro ya sa tayoyin a ƙaramar amalanke, ya fasa tankin ya yi wa awaki wurin shan ruwa. Ka ji masu basira. Sale ya koma bin gidajen ubansa a keke, inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura.

Ana cikin haka shekarar babban ruwa ta zo. Kogi ya fasa, fadama ta zama tafki guda, hanyoyi suka yanke. Masu fito suka zama sarakai, ka ga an ɗora babur a kwale-kwale ana riƙe da shi kamar majinyaci. Ni da farko har na fara murna, na ce kowane inji a ƙasar nan ya sha ruwa, kakata ta yanke saƙa. Ina! Mai babur ɗin da ya sha ruwa, shinkafarsa ma tana ƙarƙashin ruwan. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya tuna fistin. Gareji ya yi tsit, yara suka watse, ni da nake buɗe inji in rufe na koma facin tayar keke. A shekarar na san cewa kunya ba ta cika ciki. Abin da nake da shi a yalwace lokaci ne kawai.

Da ruwa ya janye, wata safiya sai ga amalanken shanu ta tsaya a nan, daidai inda kake zaune. Sale ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, ya yaye buhun da ya rufe kayan.

Ya ce, "Baba Ilu, so nake ya tashi."

Na ce, "Wa?"

"Babur ɗin Baba."

Na leƙa. Na ce, "Sale, tashin matattu ai sai ranar ƙiyama. Ka yi kuskuren ƙofa."

Bai yi dariya ba. Ya ce wani wanzami daga wajen Kaugama ya sayi sabon babur ɗan Indiya, yana riga shi isa ko'ina. Gidan da kakan shi Sale ya yi wa aski ma an kira wancan. Ya ce, "In kaka ta yi ba ni da abin hawa, zabirar nan sai dai in rataye ta. Ba ni da kuɗin sabo, Baba. Na je na roƙi su Yaya kayan, suka ce in kwashe in rage musu shara."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Kuma na hango waldata tana leƙowa daga cikin taɓo. Na ce a sauke.

Injin Habu na fara buɗewa. Ya yi wata da watanni a cikin ruwa. Da na cire murfi, taɓo ne ya fara fitowa, sai dodon koɗi guda biyu da suka yi gida a ciki, da alama su kaɗai suka ci moriyar gadon. Fistin ya manne da bulo, wato gidan da yake kai-komo a ciki, na jiƙa shi da kananzir, kullum in zo in ɗora itace in daka da guduma a hankali. Ranar da ya motsa, da bulon ya motsa, ya tsage gida biyu. Na kira Sale na nuna masa, na zuba a buhu. Ƙafafun babur ɗin, tayoyin nan na Iro, sun lanƙwashe saboda lodin shinkafa, tanki a fashe, salansa kuwa in ka ɗaga ta kana hango rana ta ciki. Su ma buhu. Na ɗaure baki na rataye a ƙusar can. Matakin kawai na kwance na wanke na ajiye gefe.

Yanzu ga wurin da wayarka za ta yi maka amfani, mai jar hula. Na samo inji ɗan China daga wani babur da mai shi ya yi gardama da bishiyar kuka, kuka ta yi nasara. Injin lafiya lau, amma hudojinsa ba su dace da ƙwarangwal ɗin Japan ba, ko ɗaya. Sai da na yanka faranti na ƙarfe na huda da hannu, in gwada in sauke, in goga in sake ɗorawa. Kuma ba a zaunar da inji don ya yi kyau a ido. Haƙoran sarƙa na gaba da na baya dole su kalli juna sak. Zare nake ja daga baya zuwa gaba in tsuguna in rufe ido ɗaya. In ya kauce da ƙwayar gero, a kan kwalta ba za ka sani ba, sai ka shiga yashin fadama da zabira a baya, sarƙa ta zame, kana tsaye ana can ana kiran wani. Gaban babur na ɗan Indiya na sa, don ya fi tsawo, ya fi shanye rami. Tanki sai da na je Kano na wuni ina tonon tarkacen 'yan gwangwan kafin na sami irin na da. Cikinsa duk tsatsa, na zuba tsakuwa da kananzir na yi ta girgizawa har kafaɗata ta ƙage.

Wayarin kuma, hmm. Jar wayar Japan ba ita ce jar wayar China ba, kowa da abin da yake nufi. Haɗin farko da na yi, in ka taka birki sai ham ya yi ƙara. Na ƙona ƙwan fitila har na daina ƙirgawa. Ƙarshe na zare komai na bi waya ɗaya-ɗaya da batir da ɗan ƙwai. Wurin shaƙar iska na ɗaga shi can ƙarƙashin kujera, salansa ma na ɗaga bakinta, don babur ɗin fadama dole ya iya tsallake ruwa zuwa gwiwa. Matakin Malam Hudu na sake masa huda na ɗaura a ƙarƙashin sabon injin. Sale ya gani, ya kalle ni.

Inda na jawo mana magana a salansa ne. Guda biyu na yanka na haɗa, sai na ji ƙarar ba ta yi mini ba. Kunnena ya riƙe ta tsohon babur ɗin, wata irin ƙara mai kauri da ɗan tari a ƙarshe. Na yi ta hudawa ina toshewa har ta fito. Ranar da na buga kik ya tashi, mai shayin tsallaken titi sai da ya miƙe yana salati, ya ɗauka Malam Hudu ne. Ladan aikina? Sale ya sayi kayan da kaɗan-kaɗan, ya kuma yi alkawarin ba zan ƙara biyan kuɗin aski ba har in mutu. Ga shi sanƙo ya cinye ribar.

Kaka ta yi, Sale ya fara isa gidan suna kafin a kwantar da rago. Gidajen suka fara dawowa. To, kunne ba na mai shayi kaɗai ba ne. Habu yana gona ya ji ƙarar ta wuce, ya yar da lauje ya ce, "Injina!" Iro ya ga baƙin tanki yana ƙyalli ya ce, "Tankina!" Mutanen da suka shekara ba sa gaisawa, a yini ɗaya suka shirya. Suka tafi wurin Bulama, mai garinsu, suka ce aro suka ba Sale, ba kyauta ba. A sayar da babur a raba, tunda inji da tayoyi su ne babur, shi ƙwarangwal ya kawo. Sale ya rantse musu ba kayansu ba ne. Suka ce, "Ƙarar fa? Ita ma a Kano ka sayo?" In an bi tasu, Sale ya koma keke ke nan a tsakiyar kaka.

Bulama ya aiko a kira ni. Sale ne ya ɗauke ni a kan abin rigimar, buhu yana kan cinyata. Muka tarar rabin gari a gindin tsamiya, don shari'ar 'yan'uwa ba ta rasa 'yan kallo. Na gaida Bulama, na kwance bakin buhu na zazzage a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga amanarsu. Habu, ga injinka, ga bulonsa gida biyu, ga dodon koɗinka ma ban ci ba. Iro, ga ƙafafunka, ga tankinka. Ka gaida awaki, ka ce su yi haƙuri an daɗe ba a dawo da shi ba."

Wuri ya ɗauki dariya. Iro ya juya tankin, ya ga inda ya fasa da hannunsa, ya ajiye. Habu kuwa ransa ya ɓaci, ya juya kan ƙaninsa.

Ya ce, "To ashe tarkacen bola kake hawa kana yi mana iyayi da sunan babur ɗin Baba. Me ya rage na Baba a nan? Fenti?"

Sale ya sunkuyar da kai. Maganar ta fi shari'ar yi masa ciwo, kowa ya gani.

Bulama ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam Ilu, tsakaninka da Allah. Ba komai nasu a jikin babur ɗin nan?"

Na so in yi shiru, amma an haɗa ni da Allah. Na ce, "Na Iro babu, ranka ya daɗe. Na Habu akwai abu ɗaya. Matakin ƙafa. Da injinsa ya zo, rabonsa ne." Na zaro sifana daga aljihu na miƙa wa Habu. Na ce, "Noti huɗu ne. Kwance abinka. Zan sa masa na kasuwa, ba shi da tsada."

Ya karɓa da ƙarfinsa, ya zagaya hagun babur ya tsuguna. Ya ɗora sifana a noti na farko, sai hannunsa ya tsaya. Guntun garmar nan ya gani, da inda takalmin tsohon ya cinye ƙarfen ya yi ɗan kwarmi mai sulɓi. Ya sa babban yatsa a kwarmin yana shafawa.

Can ya ce, a hankali, ba da kowa yake ba, "Nan nake takawa in hau tanki, in zai tafi da ni."

Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, ya dubi Sale ya ɗaure fuska.

"Kai, ƙafafunka ai daidai suke. Gwiwarka ba ta ciwo a haka?"

"Tana yi, Yaya."

"To ta ci gaba da yi."

Ya miƙo mini sifanata. Ya ce wa Sale, "Ranar Asabar sunan jikana. In ka makara, zan zo da kaina in kwance abina." Ya juya ya tafi yana murza ido da hannun riga, wai hayaƙin babur ne ya shiga masa, babur ɗin da ke kashe tun hantsi. Iro aka bari da ɗaukar buhu.

Shi ke nan tarihin abin dariyarku. Ga Sale can ya fito daga masallaci, ku lura da yadda zai hau, gwiwa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tun daga lokacin na canza masa sarƙa, na canza fistin, na canza tayoyi ban san sau nawa ba, kowanne na ɗaure masa tsohon na ba shi. Mai jar hula, kai ka ce matakin nan aikin wanda bai iya ba ne, kuma gaskiyarka. Yaro ne ya yi shi, har ya sha ranƙwashi. Maigidan da ya ranƙwashe shi ya rasu, mai ƙafar ma ya rasu, waldar ba ta saki ba. Ga zarto can a rataye. Je ka tambayi Sale ko yana so a gyara masa.